Rigunan Kafinta

Duk ikilisiyar babu mai kiranta da sunan da aka yi mata baftisma da shi. Mama Almakashi ake ce mata, kuma dalili biyu ne: ita ke yanka ƙyallaye ranar Laraba, bakinta kuma ba ya barin mutum yadda ya same shi. Ita dai dalilin farko kawai ta yarda da shi.

Aikin Larabar nan sai an yi wa baƙo bayani. A bayan cocin Lutheran na unguwar, tsakanin ɗakin mawaƙa da aji uku na makarantar ikilisiya, akwai wani ɗaki mai dogayen tebura biyu da keken ɗinki uku, ɗaya ba ya tashi sai an daka masa duka a gefe. Nan mata ke haɗuwa kowace Laraba da hantsi suna haɗa barguna da tsofaffin tufafi: labulen da ya koɗe, zanen gado, rigar da ta yi wa mai ita kaɗan. A wanke, a goge, a yanka daidai da kwalin awo, a haɗa. In an gama sai a kai wa 'yan makaranta su ɗaura ƙulli da zare mai kauri, ɗaya a tsakiyar kowane ƙyalle, don kada abin da aka shimfiɗa a ciki ya zame. An koya musu duk ƙullin da suka ɗaura su yi wa wanda zai lulluɓa da bargon addu'a, ko da ba za su taɓa ganinsa ba. Sau ɗaya a shekara ake shimfiɗa bargunan a kan bencinan coci, a sa musu albarka ranar Lahadi, Litinin mota ta zo ta kwashe su zuwa inda ambaliya ta ci gidaje ko yaƙi ya kori mutane.

Shekara ashirin da shida almakashin yana hannunta, kuma doka ɗaya ta kafa wadda ko Fasto bai isa ya taɓa ba: duk tufar da ta shigo ɗakin, a ranar za a wanke ta a yanka, ba tambaya, ba komawa. Ta gaji da masu kawo labule yau, gobe su dawo da fuskar tausayi wai ashe na tunawa da kakarsu ne. In kin ba da, kin ba da. Haka take faɗa tana kaɗa almakashi.

Mijinta kuwa Kafinta ne, kuma duk abin da ita ba ta yi, shi yake yi. Bencinan cocin nan shi ya yi su. Teburan makaranta, allunan, ƙofar bayin yara da ke karyewa kowane zango, duk hannunsa ne, bai kuma taɓa karɓar lada ba. Tsaninsu ya bayar. Akwai ranar da ta dawo daga kasuwa ta tarar ɗakin girkinta ba ƙofa, ya cire ya kai wa wata gwauruwa da iska ta ɓalle tata. Shekara arba'in da huɗu tana mita a kan cewa gidan kafinta ne kaɗai a layin da ake tokare kujera da bulo. Shi ko sai ya yi murmushi, ya sa guntun fensirinsa a aljihu, ya ce yanzu zai dawo. Bai taɓa dawowa yanzu ba.

Wata takwas da suka wuce ya rasu, bayan cin abincin rana, zaune a kan kujerar nan mai bulo. Ta raba kayan aikinsa ga yaran da ya koya wa sana'a, ta ba ɗansu takalma da agogo. Amma rigunan aikinsa goma sha ɗaya ba ta bari kowa ya gani ba. Ba ta wanke su ba. Ta zuba su a wata babbar jaka ta ɗaure bakin tamau, kowace safiya bayan addu'a ta kwance ta tura fuskarta ciki. Garin katako, gam, zufa, da ɗan ƙamshin man da yake shafa wa gwiwarsa. Tana son mutumin nan fiye da yadda ta taɓa bari ya sani, kuma abin da ya rage mata ke nan.

Sai ta zame a kan matakala ta karye a ƙafa.

Aka ɗaure ƙafar, likita ya ce mako shida ba hawa bene. Aka shimfiɗa mata gado a falo, matar ɗanta ta dawo gidan tana jinyarta. Yarinya ce mai hankali, mai tsoronta kamar kowa. Larabar farko Mama Almakashi ta tuna da tarin labulayen da ta haɗa, ta ce wa yarinyar ta hau ɗakinta ta ɗauko jakar tufafi ta kai wa matan Laraba. Ta so ta ƙara cewa a sauko mata da ɗayar jakar ta ajiye kusa da gado, amma kunya ta riƙe mata harshe. Wa zai ji cewa Mama Almakashi tana shinshinar tsumma? Ta haƙura, ta ce mako shida ba shekara ba ne.

Daga makon nan masu dubiya suka canza mata. Da can mutum zai shigo ya ce ya jiki, ya ajiye lemo, ya gudu kafin ta tambaye shi me ya hana shi zuwa sujada. Yanzu sai su zauna su riƙe hannunta suna kallonta, idonsu ya kawo ruwa. Shugabar makaranta ta zo da katin da yara suka zana, ta ce ita dai ba ta da abin cewa. Fasto, matashi ne da har yanzu yake gyara zama in ta kalle shi, ya ce ta yi wa ikilisiya wa'azin da shi bai iya ba. Ta ɗauka haƙurin da take yi da ƙafa suke nufi, har ta ɗan ji daɗi, don ita ma ta san tana ƙoƙari. Nas ce kawai, ƙawarta ta shekara arba'in wadda ta bar asibiti ta koma kan keken ɗinki, ta zo ta zauna shiru ba tsokana ba musu, da za ta tafi ta rungume ta. Wannan kam ya ba ta tsoro. Ta tambayi matar ɗanta ko likita ya faɗa musu wani abu ne a ɓoye.

Ranar Asabar ɗin da ta cika mako shida, da safe, ta dogara sanda ta hau benen a hankali, ta rufe ƙofa. Jakar ba ta gaban kabad inda ta bar ta ranar da ta faɗi. Ta leƙa ƙarƙashin gado ta jawo wata, irinta sak, don ita ba ta sayen jaka iri biyu. Ta kwance. Labulaye ne.

Ba ta yi ihu ba. Ta kira yarinyar da wata murya ƙasa-ƙasa, ta tambaye ta wace jaka ta kai. Yarinyar ta nuna gaban kabad, ta dubi labulayen, ta dubi fuskar surukarta, sai ta durƙusa tana ba da haƙuri. Ta ce ta ɗauka Mama ta sani, kowa a coci maganar yake yi. Abin da Mama Almakashi ta faɗa mata ba sai an maimaita ba. Ya isa a ce yarinyar ta fita tana kuka, ita kuma ba ta ji sanyi ko kaɗan ba.

Gobe ne Lahadin albarka. Jibi mota za ta zo. Ta sa almakashi da reza a jakar hannu, ta ɗauki makullin cocin da ke cikin tarin makullan Kafinta, ta kama hanya da sandarta bayan azahar. Ta riga ta yanke shawara: za ta bi bargo ɗaya-ɗaya ta farke abinta, duk mai magana ya yi. Dokar ita ta kafa ta, ita kuma za ta karya.

Ta buɗe ƙofar gefe ta shiga, sai ta tsaya da makullin a hannu.

Ta ga Asabar ɗin shimfiɗa sau ashirin da shida, ta san yadda take: barguna arba'in, in shekara ta yi kyau arba'in da biyar, a rufe bencinan gaba, na baya su zauna tsirara. Yau babu katakon da ake gani. Daga gaban bagade har bakin babbar ƙofa an lulluɓe, an rataya wasu a kan shingen katakon wurin mawaƙa, wasu an ninka biyu-biyu don wuri ya ƙare. Rana ta shigo ta dogayen tagogi ta kwanta a kansu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa da kore, har farar silin ta ɗauki launi. Ba kowa, ba motsi, amma cocin a cike yake kamar ana tsakiyar sujada. Ta tsinci kanta tana takawa a hankali don kada sandar ta yi ƙara.

A benci na farko ta gan shi. A tsakiyar bargon, daidai tsakiya, ƙyalle ɗaya shuɗi mai gida-gida. Rigar da ya sa ranar da ya cire mata ƙofa. Bargo na gaba, tsakiya, ruwan toka mai ɗigon farin fenti: shekarar da ya yi wa azuzuwa fenti shi kaɗai a lokacin hutu. Na gaba, mai ratsin kore, wadda ita da kanta ta yi wa faci a gwiwar hannu tana masifa, ga facin nan sun bar shi, ɗinkinta ne. Ta bi layi, ta juya, ta bi wani layin. Babu bargon da ba ya ciki. Sun raba shi ɗaya-ɗaya, sun sa shi a tsakiyar kowanne, a kan bencinan da ya yi da hannunsa.

Ta zauna ta jawo shuɗin nan, ta waiga ko da mai ganinta, ta kai hanci. Sabulu. Sabulun da ita ta zaɓa wa ɗakin Laraba, don ya fi fitar da datti.

Nan ta yi kukan da ba ta yi ranar jana'iza ba. Da ya lafa ta share fuska, taurin kan ya dawo. Ko ba ƙamshi nata ne. Ta fito da reza ta fara farke gefe ɗaya, zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Sai rezar ta ci karo da ƙulli. Ta ɗaga bargon ta duba. Ƙulli ɗaya ake yi a kowane ƙyalle, haka ta koya wa malamai, haka sauran ƙyallayen suke. Amma wannan ya cika da ƙulle-ƙulle, bakwai, takwas, wasu a karkace, wasu sun hau kan juna, aikin ƙananan yatsu. Ta duba na gefensa. Shi ma haka.

"Faɗa suka yi ta yi a kai," in ji wata murya daga baya. "Kowane yaro sai ya ɗaura a kan na Baba Kafinta. Malamai suka gaji suka ƙyale su."

Nas ce, ta fito daga ƙofar ɗakin ɗinki da bargo na ƙarshe a kafaɗa. Ta matso tana murmushi, sai idonta ya sauka a kan rezar da gefen da aka farke. Murmushin ya tsaya.

Mama Almakashi ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, "Ban ba da ba, ƙawata. Kuskure yarinyar nan ta yi. Da na sani ko maɓalli ɗaya ba zai bar gidana ba."

Nas ta ajiye bargon ta zauna a gefenta. Can ta fara ba ta labarin Larabar: yadda aka zazzage jakar a kan tebur, mata suka gane rigunan nan take. Ba wadda ta iya ɗaukar almakashi. Wata ta ce a je a tambaye ta tukuna, aka tuna mata dokar, aka kuma tuna mai dokar. Suka wanke suna kuka. Nas ce ta yi yankan farko. Kafin Lahadi labari ya zaga, sai jakunkuna suka fara shigowa, irin waɗanda ba a taɓa kawowa ba. Shugabar makaranta ta kawo zannuwan mahaifiyarta. Tsohon mai kaɗa ƙararrawa ya kawo kayan matarsa da ya kulle a akwati shekara goma sha biyu. Mata suka ƙara Juma'a a kan Laraba, maza biyu suka koyi guga, keken nan mai son duka aka kai shi gyara.

Sannan Nas ta miƙa hannu ta taɓa wani ƙyalle kusa da shuɗin, ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni. Mama Almakashi ta gane shi kafin a faɗa mata. Rigar 'yar Nas ce, ita kaɗai Allah ya ba ta, ta rasu tana aji biyar a makarantar nan shekara goma sha tara da suka wuce. Mama Almakashi ce ma ta ɗinka wa yarinyar rigar.

"Na ce a raina, in har ke, mai riƙon tsiyar nan, kin iya, to ni ba ni da hujja," in ji Nas. Ta yi wata 'yar dariya tana share ido. "Ashe ba ki iya ba."

"Ban iya ba."

"To ni dai na riga na iya. Kuma tun ranar nake barci."

Mama Almakashi ta sake duban cocin. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke kama mutum in ya gane an yi wani babban aiki ta hannunsa ba a nemi shawararsa ba. Ita tana kwance a falo tana ƙirga kwanakin da za ta koma ga jakarta, a nan kuwa mutane suna buɗe akwatunan da suka kulle shekara da shekaru saboda kyautar da ba ta yi ba. Ta san halinta, ta san ba daga gare ta abin ya fito ba.

Nas ta ce kayan nata ne, ba wanda zai riƙe abin da ba a ba shi ba, doka ko ba doka. Ta ce in an kira mata huɗu, kafin rana ta faɗi an farke duka an cike gurbin da labule, kuma ba sai kowa ya san dalili ba. Ba da gatse ta faɗa ba. Ta zaro tata rezar daga aljihu, ta jawo bargo na biyu kan cinyarta, ta ce, "Daga wanne za mu fara?"

Mama Almakashi ta dubi gefen da ta farke. In ta ci gaba sai ta yanke ƙulle-ƙullen yaran nan, ɗaya-ɗaya, kowanne da addu'arsa. Kuma me za ta kai gida? Tarin ƙyallaye masu warin sabulu, ta ɗaure su a jaka. Ta tuna ƙofar ɗakin girki, da yadda ta yi mako biyu ba ta yi masa magana ba, shi ko yana ta fito a tsakar gida kamar an ba shi kyauta.

"Mayar da rezarki," ta ce. "Ba ni allura."

Ta ɗinke gefen da hannu, ƙanana-ƙanana, ta ciji zaren. Ta kuma ce wanda ya haɗa kusurwar bargon nan bai iya ba, Nas ta ce ita ce, suka ɗan yi musu a kai. Da za su tashi Nas ta laluba jakarta ta fito da wani abu a naɗe cikin hankici. Ta ce a aljihun mai ratsin kore ta same shi kafin a jiƙa, ta yi niyyar ba ta gobe bayan sujada. Guntun fensir ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an feƙe shi da wuƙa, gindinsa duk sawun haƙori. Mama Almakashi ta kai shi hanci ba tare da ta damu da mai kallo ba. Katako, da ɗan gam.

"Wannan kam ba na bayarwa," ta ce.

"Ba wanda ya roƙe ki."

Da safiyar Lahadi ta tare Fasto a bakin ofis kafin a kaɗa ƙararrawa, ta faɗa masa gaskiya duka, ta ce in ya kuskura ya ambaci sunanta da yabo za ta miƙe a tsakiyar wa'azi ta ƙaryata shi. Ya dube ta, sannan ya tambaye ta, to yanzu fa, ta ba da ko ba ta ba da ba? Ta ce jiya da la'asar ta ba da, mako shida bayan an karɓa. Fasto ya yi dariya har ya dafa bango. Bai ambaci sunanta ba, amma da ya zo kan maganar alheri sai ya tsaya ya sha ruwa.

Cocin ya cika har waje. 'Yan makaranta suka zauna a gaba cikin kayan makaranta, suna nuna wa iyayensu ƙullinsu. Matar ɗanta ta raɓe can ƙarshen benci, ido a kumbure. Mama Almakashi ta zungure ta da sanda ta ce ta matso, ba cizo take ba. Da lokacin albarka ya yi, Fasto ya ce kowa ya ɗora hannu a kan bargon da ke gabansa. Aka ji motsin hannuwa ɗaruruwa. Ta kamo hannun yarinyar ta ɗora a kan shuɗin mai gida-gida, ta ɗora nata a kai. Ƙulle-ƙullen suna sukar tafin hannu.

Ba ta bi addu'ar Fasto ba. Ta sunkuya kusa da ƙyallen ta yi magana yadda ba mai ji sai yarinyar.

"To, je ka," ta ce. "Dama yaushe ka taɓa zama a gida?"

Aka ce amin, mai molo ya ba da murya, jama'a suka miƙe. Ita ma ta dogara sandarta ta miƙe, ɗayan hannun yana cikin jaka a kan fensirin.